Inci, Ɗigo da Launi: Nazari a Kan Zaɓen Allon Kwamfutar Tafi-da-gidanka Domin Gyaran Hoto

Tsakure

Masu sana'ar ɗaukar hoto da ɗaliban da ke koyon gyaransa sukan tsaya a kan tambayoyi biyu idan za su sayi kwamfutar tafi-da-gidanka: inci nawa ne allonta, kuma ɗigo nawa yake ɗauke da shi? Wannan maƙala ta bi tambayoyin ta hanyar lissafi, inda ta nuna cewa girman allo da yawan ɗigonsa ba su faɗin komai sai an haɗa su an auna su da ƙarfin ganin ido. Ta kuma kafa hujjar cewa akwai tambaya ta uku da ta fi su nauyi, wadda ba kasafai ake yin ta a kasuwa ba, wato gaskiyar launin da allon ke nunawa. An yi la'akari da yanayin mai hoto a ƙasar Hausa, wanda galibi kwamfuta ta hannu yake saya, kuma ba kullum yake samun wutar lantarki ba.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai hoto bayan an watse daga biki ya san irin ƙorafin da ake kawowa. Mai hoto ya kwana yana gyaran hotunan kamu da na ɗaurin aure da na walima, ya duba a kwamfutarsa ya ga komai ya fito tsaf, ya kai an wanke. Sai ga amarya ta fito da fuska ja-ja, lallen hannunta ya koma ruwan goro, leshin da aka kashe kuɗi aka saya ya tashi daga launin da aka san shi da shi. Dangi su ce mai hoto bai iya aiki ba, shi kuma ya ɗora laifin a kan masu wanki. Sau da yawa kuwa laifin yana kan allon da aka yi gyaran a kansa: ya nuna wa mai gyara abin da babu shi a cikin hoton, shi kuma ya gyara abin da bai lalace ba. Asarar kuɗin wanki mai sauƙi ce a kan asarar suna, domin a wannan sana'a biki ne ke kawo biki.

A wannan maƙala, kalmar allo na nufin fuskar kwamfuta da ake kallo, wadda 'yan kasuwa ke kira sikirin. Ɗigo kuwa shi ne ɗan mitsitsin murabba'i mai haske wanda miliyoyinsa ke haɗuwa su ba da hoto, wato abin da masu sana'a ke kira fiksel. Kowane ɗigo yana ƙunshe da ƙwayoyi uku, ja da kore da shuɗi, kuma daga ƙara hasken wannan da rage na wancan ne ake samun duk launukan da ido ke gani a allo.

2.0 Abin da Inci ke Aunawa

Adadin incin da ake rubutawa a jikin kwali awo ne na karkace, daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa kusurwar sama ta dama. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Saboda haka adadin bai bayyana faɗin allo ko tsayinsa ba sai an san siffarsa, wato yadda faɗin yake idan an kwatanta shi da tsayin. Siffar da ta mamaye kasuwa tsawon shekaru ita ce 16:9, wadda aka aro daga talabijin. A 'yan shekarun nan kamfanoni da dama sun komo kan 16:10, wasu kuma, kamar Microsoft a jerin kwamfutocinsa na Surface, suna amfani da 3:2.

Idan aka yi amfani da ƙa'idar Fitagoras da aka koya a sakandare, za a ga allo mai inci 15.6 a siffar 16:9 yana da faɗin santimita 34.5 da tsayin 19.4. Allo mai inci 16 a siffar 16:10 kuwa faɗinsa shi ma 34.5 ne, amma tsayinsa 21.5. Ke nan bambancin da a baki bai kai rabin inci ba, a zahiri ƙarin santimita biyu ne, kuma duka a tsayi. Wannan tsayi na 21.5 shi ne dai na allo mai inci 17.3 a siffar 16:9, kwamfutar da ta fi ta girma da nauyi nesa ba kusa ba.

Me ya sa tsayi ya zama abin damuwa? Dalili na farko shi ne siffar hoton kansa. Kyamarorin Canon da Nikon da Sony da aka fi gani a hannun masu hoton biki suna ba da hoto ne a siffar 3:2, wadda ba ta kai 16:9 faɗi ba. Duk lokacin da aka buɗe irin wannan hoto, tsayin allo ne ke fara cika, faɗi ya yi saura. Dalili na biyu shi ne yawancin hoton mutum a tsaye ake ɗaukarsa, musamman na amarya da ake son a ga kwalliya daga ɗaurin kai zuwa takalmi. A nan faɗin allo ba ya ƙara wa hoton komai. Na uku, manhajojin gyaran hoto su ma suna da nasu rabon. Lightroom yana jera ƙananan hotuna a ƙasa, ya ajiye kayan aiki hagu da dama. Photoshop yana da layuka a sama. Abin da ya rage wa hoton shi ne tsakiyar fili, kuma daga tsayin da dama bai wadata ba ake yankar na sama da na ƙasa.

Batun nauyi ba ya buƙatar dogon bayani. Mai inci 13 ko 14 galibi ba ta wuce kilo ɗaya da rabi, mai 15.6 ko 16 takan kusanci kilo biyu, mai 17 takan haura. Wanda jakarsa ke ɗauke da kyamara da gilasanta da fitila, kuma a kan babur yake zuwa wurin aiki, shi ya san darajar rabin kilo.

3.0 Yawan Ɗigo da Cunkosonsa

Ana rubuta yawan ɗigo ne da lambobi biyu, na faɗi da na tsayi. Allo mai 1366 x 768 yana da ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai. Mai 1920 x 1080, wanda ake kira Full HD, yana da 2,073,600. Mai 2560 x 1600 yana da 4,096,000. Mai 3840 x 2160, wanda kasuwa ta sani da 4K, yana da 8,294,400, wato ninki huɗu na Full HD daidai.

Yana da kyau a ɗora waɗannan lambobi kusa da na kyamara. Kyamara mai ɗigo miliyan 24 tana ba da hoto mai 6000 x 4000. Idan aka shimfiɗa shi ya cika tsayin allon Full HD, ɗigo 1620 x 1080 kawai ake gani, wato an rage shi zuwa kashi 27 cikin ɗari na girmansa, kuma abin da ke gaban ido bai kai kashi 8 cikin ɗari na ɗigon da kyamara ta ɗauka ba. A allon 4K ma kashi 54 cikin ɗari na girman ake kaiwa, ɗigon da ake gani kuma bai cika sulusi ba. Abin lura a nan shi ne babu allon kwamfutar tafi-da-gidanka da ke nuna hoton kyamarar zamani cikakke a lokaci guda. Dole ne a zuƙo, dole ne a matsa gefe da gefe, ko da nawa aka sayi kwamfutar.

Sai dai yawan ɗigo shi kaɗai bai gaya mana yadda hoto zai fito ba. Abin da ido ke ji shi ne cunkoso, wato ɗigo nawa aka cusa a cikin kowane inci. Ana samunsa ta hanyar lissafa ɗigon da ke kan layin karkace a raba shi da incin allo. Full HD a allo mai inci 13.3 yana ba da ɗigo 166 a inci; a mai 14 yana ba da 157; a mai 15.6 ya sauka zuwa 141. A mai 17.3 kuwa 127. Ɗigon bai ƙaru ba, bai ragu ba, shimfiɗa shi kawai aka yi a fili mafi girma, kamar man shanun da aka ƙara wa tuwo ba a ƙara shi ba. Wanda ya sayi mai inci 17.3 da Full HD yana zaton ya ƙara gani, alhali ƙara girman ɗigon kawai ya yi. Mafi muni shi ne 1366 x 768 a inci 15.6, wanda cunkosonsa 100 ne kacal, kuma irinsa ya cika kasuwar kwamfutocin hannu.

3.1 Iyakar Ido

Tambayar da ta biyo baya ita ce, cunkoso nawa ne ya isa? Amsar tana wurin masu auna ido. Idon da ake ɗauka lafiyayye a gwajin asibiti yana iya rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta kai kashi ɗaya cikin sittin na digiri. A nisan santimita 60, wannan tazara ta yi daidai da milimita 0.17, wato kimanin ɗigo 146 a inci. A nisan santimita 50, wanda shi ne kusan zaman mai aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka, adadin ya hau zuwa 175. A nisan santimita 30, inda ake riƙe hoton takarda, ya kusa 290, kuma daga nan ake iya fahimtar dalilin da masu ɗab'i suka tsaya a kan 300 a inci. Da wannan awon ne hoton inci 4 x 6 ke buƙatar ɗigo 1200 x 1800, na inci 8 x 10 kuma 2400 x 3000.

A kan wannan hujja ta iyakar ido kamfanin Apple ya gina sunan Retina, wanda ya fara amfani da shi a wayar iPhone 4 a shekarar 2010 da cunkoson 326, sannan ya kawo shi kan MacBook Pro mai inci 15.4 a 2012 da ɗigo 2880 x 1800, wato 220 a inci. An bambanta adadin ne saboda waya ta fi kusa da ido. Gaskiya ne akwai masu ƙarfin gani da ya wuce na gwajin asibiti, musamman matasa, shi ya sa ba za a ce 175 katanga ce ba. Amma dai tana nuna inda riba ke fara raguwa. Tashi daga 100 zuwa 141 kowa zai gan shi daga bakin ƙofa. Daga 141 zuwa 189, wanda shi ne cunkoson 2560 x 1600 a inci 16, mai lura zai gani a gashin ido da zaren leshi da ƙananan rubutu. Daga 189 zuwa 282, wato 4K a inci 15.6, sai an sunkuyo an kusa haɗa hanci da allo.

3.2 Abin da 4K ke Karɓa

Da a ce ƙarin ɗigo kyauta ne, da babu abin tattaunawa. Yana da farashi, kuma ba a kanti kawai ake biyansa ba.

Da farko, zaton cewa 4K zai ba da fili ninki huɗu na aiki ba daidai ba ne. Idan aka bar rubutu da maɓallai a ainihin girmansu a irin wannan allo, sai sun zama kamar ƙwayar gero. Saboda haka Windows kan ba da shawarar a ƙara girmansu zuwa kashi 250 cikin ɗari a allon 4K mai inci 15.6, wanda ke mayar da filin aiki daidai da 1536 x 864. A allon Full HD mai girma ɗaya kuwa yakan ba da shawarar kashi 125, wanda shi ma 1536 x 864 yake bayarwa. Ashe filin ɗaya ne. Abin da aka samu ƙari shi ne santsin rubutu da na hoto, ba wurin ajiye kayan aiki ba.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Mai gyara yakan zuƙo hoto zuwa kashi ɗari, inda ɗigo ɗaya na hoto ke hawa kan ɗigo ɗaya na allo, domin ya tabbatar idon amarya ya fito tar, ya kuma ga ko akwai yashi-yashin nan da ke bayyana a hoton da aka ɗauka cikin ƙarancin haske. A allo mai cunkoson 282, ɗigon ya yi ƙanƙantar da ido ba ya rarrabe shi, saboda haka hoton da ke da ɗan dishi-dishi sai ya bayyana kamar lafiyarsa ƙalau. Allon ya yi wa hoton kwalliya, alhali aikin mai gyara shi ne ya ga aibu kafin mai kaya ya gani. Maganin shi ne a riƙa dubawa a kashi 200, amma sai wanda ya san da matsalar zai nemi maganin.

Na uku shi ne batir. Ƙananan ɗigo suna tare wani ɓangare na hasken fitilar da ke bayan allo, don haka sai ta ƙara ƙarfi kafin a sami haske iri ɗaya. Sashen sarrafa hoto na kwamfutar kuma yana tura ɗigo ninki huɗu a kowane motsi. Manhaja irin Lightroom ita ma sai ta shirya manyan samfuran kallo, abin da ke jawo nawa a kwamfutar da ƙarfinta bai kai ba. A wurin da wuta ke tsayawa wannan ƙaramin abu ne. A wurin da mai hoto ke lissafin awa nawa batir zai kai shi kafin a kawo wuta ko ya tayar da janareta, babban abu ne.

A ra'ayin mai wannan nazari, mafi dacewa ga wanda kwamfutar ce kaɗai wurin aikinsa shi ne inci 16 a siffar 16:10 da ɗigo 2560 x 1600. Wanda yawo ya yi masa yawa, inci 14 da 1920 x 1200 ya wadatar, domin cunkosonsa 162 ne. Full HD a inci 15.6 ba abin kunya ba ne, an yi ayyuka masu kyau a kansa. Abin da bai kamata a karɓa ba ko da an rage kuɗi shi ne 1366 x 768.

4.0 Launi

Duk abin da aka faɗa a sama game da kaifin hoto ne. To amma idan aka koma kan ƙorafin da aka buɗe maƙalar da shi, za a ga babu wanda ya ce hoton amarya bai yi kaifi ba. Launi aka yi kuka da shi, kuma allo na iya zama 4K ya yi ƙarya a launi, wani kuma Full HD ya faɗi gaskiya.

Abu na farko shi ne irin ƙirar allon. Tsohuwar ƙira mai araha ita ce TN, wadda launinta da haskenta ke sauyawa da zarar an ɗan tura murfin kwamfuta baya ko an jawo shi gaba. Mai gyara a kan irin wannan allo ba shi da tabbas, domin fuskar da ya gani da duhu yana zaune a miƙe za ta yi haske idan ya kishingiɗa. Ƙirar IPS, wadda kamfanin Hitachi na Japan ya fito da ita a 1996, ta magance wannan: launi yana tsayawa ko ta wace kusurwa aka kalla. Sai OLED, inda kowane ɗigo ke ba da haskensa da kansa, baƙinsa kuma baƙi ne wuluk. Yana da kyau ƙwarai, sai dai yakan sa hoto ya fi yadda zai fito a takarda armashi, kuma abin da ya daɗe a wuri ɗaya a kansa, kamar layukan manhaja, na iya barin tabo bayan shekaru.

Abu na biyu shi ne faɗin launi, wato iyakar ja da kore da shuɗin da allo zai iya kaiwa. Ma'aunin da intanet da yawancin na'urori suka ginu a kai shi ne sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka tsara a 1996. Akwai waɗanda suka fi shi faɗi: Adobe RGB na 1998, wanda ya zarce shi a wajen kore da shuɗi-kore saboda bukatar masu ɗab'i, da kuma P3 da ya samo asali daga masana'antar fim. A takardar bayanin kwamfutoci masu araha kuwa sau da yawa wani ma'auni dabam ake rubutawa, wato NTSC, na talabijin mai launi na Amurka na 1953. A nan tarkon yake. Idan an rubuta kashi 72 na NTSC, to allon ya kusa cika sRGB. Idan an rubuta kashi 45, abin da yake nunawa bai wuce kashi sittin da 'yan kai na sRGB ba. Irin wannan allo na iya zama IPS, ya zama Full HD, mai sayarwa ya rantse da hakan kuma bai yi ƙarya ba, amma jan da ke cikinsa kodaɗɗe ne.

Ga yadda ɓarnar ke aukuwa. Mai gyara ya buɗe hoto, ya ga jan atamfa ya yi sanyi, ya ɗauka kyamara ce ta gaza, sai ya ƙara wa launi ƙarfi har ya gamsu. Hoton dama lafiyarsa lau, allon ne ya kasa. Da ya isa wayar mai kaya ko injin wanki, sai ƙarin nan ya bayyana, fata ta yi ja, lalle ya ƙone. Haka kuma allon da farinsa ya karkata zuwa shuɗi, wanda ya zama ruwan dare a masu araha, yakan sa mai gyara ya ɗumama hoton, a wanke ya fito ruwan ɗorawa. Kowane kuskure na allo yana komawa cikin hoto ne a juye.

Wannan batu yana da nauyi na musamman ga mai ɗaukar baƙar fata. Tarihin sana'ar ya nuna haka tun zamanin fim: katunan gwajin launi da kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanki tun daga shekarun 1950, waɗanda aka sani da katin Shirley, hoton Baturiya ne a kansu, kuma da fatarta ake saita inji. Lorna Roth ta Jami'ar Concordia da ke Kanada ta yi nazarin wannan a wata maƙala da ta fito a 2009. Kyamarorin yau sun wuce wannan matsayi, amma wahalar ba ta gushe ba, ta koma kan allo. Siffar fuskar baƙin mutum, da bambancin da ke tsakanin baƙi da wankan tarwaɗa, da sheƙin goshi da inuwar ƙarƙashin ido, duk suna zaune ne a matakan haske na ƙasa-ƙasa, inda allo mara kyau ke cakuɗa su. Allo mai bit 8 yana da matakai 256 ga kowane ɗaya daga launuka uku, jimilla launi miliyan 16.7. Mai bit 6 kuwa matakai 64 gare shi, launi 262,144, sauran kuma da dabarar ƙyafta ɗigo yake kwaikwayonsu. Ƙara da cewa ango yakan sa farar shadda ya tsaya kusa da amarya: a hoto ɗaya ana son a ga aikin da ke wuyan babbar riga, a kuma ga fuska. Wanda allonsa ba ya nuna ƙarshen fari da ƙarshen baƙi, ɗaya zai ceta ya rasa ɗaya, ko ya haskaka fuskar har mai ita ta zama wata dabam. Wani ɓangare na farin da ake gani a hotunan biki son mai kaya ne, wannan magana ce ta daban. Amma wani ɓangaren allo ne ya jawo shi ba da nufin kowa ba.

Shin sai an nemi Adobe RGB ko P3? Ga mafi yawan masu hoto a nan, a'a. Hoton da zai ƙare a WhatsApp ko Instagram, ko a injin wankin hoto na kasuwa, sRGB ake sa ran ya zo da shi. Allon da ya cika sRGB ya biya bukata. Mai faɗin launi ma yana da nasa haɗarin, domin manhajar da ba ta san sarrafa launi ba takan nuna hoton sRGB a kansa da ƙarfin da ya wuce kima. Wanda ke yi wa mujalla ko kamfanin talla aiki shi ne zai ci ribarsa.

4.1 Haske da Saiti

Allo mai kyau ma sai an saita shi. Ana auna haskensa da nit. Masu araha kan tsaya a 220 zuwa 250, masu kyau su kai 400 ko fiye. Yawan hasken yana da amfani ga mai nuna wa jama'a hoto a ƙarƙashin rumfa da rana, amma ba da shi ake gyara ba. Domin hoton da za a wanke, abin da aka saba bi shi ne tsakanin 100 da 120, tunda takarda ba ta da fitila a bayanta. Wanda ya ƙure hasken allo zai ga hoto ya yi haske, ya rage, a wanke ya fito da duhu. Farin allo kuma ana tsayar da shi a 6500 a ma'aunin Kelvin. Akwai 'yar na'ura da ake rataya a kan allo ta auna launinsa ta gyara, irin Spyder na kamfanin Datacolor ko na Calibrite. Ba kullum ake bukatarta ba, saboda haka masu hoto biyar ko goma na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Sai dai a sani, na'urar tana daidaita launin da allo ke da shi ne, ba ta ƙara masa wanda ba shi da shi.

Kafin a same ta, akwai abin da ba ya cin ko kwabo: a kashe tsarin da ke sauya launin allo da kansa, wanda Windows ke kira Night light, Apple kuma Night Shift da True Tone, a daina gyara a gaban taga ko ƙarƙashin ƙwan fitila mai launi, a koyi karanta jadawalin haske da ke cikin manhaja, domin shi lissafin hoton yake nunawa, ba ruwansa da allo. Sannan a wanke hoto biyu ko uku na gwaji a wurin da aka saba kai aiki, a ɗora su kusa da allo da rana a kwatanta.

Wanda ke da shago da tsayayyar wuta ko sola yana da wata mafita, wato ya sayi ƙaramar kwamfuta don yawo, ya ajiye babban allo a tebur. Mai inci 27 da 2560 x 1440 yana da cunkoson 109, mai 4K kuma 163, kuma ko da yake ana zama nesa da shi fiye da na cinya, nan ne 4K ke da ma'ana. Amma ranar da babu wuta, ƙaramin allon nan za a koma wa, don haka shi ma ba a yi masa sakaci.

5.0 A Gaban Mai Sayarwa

Mafi yawan masu farawa ba sabuwa suke saya ba. Ta hannu ce daga kasuwar Farm Centre a Kano, ko wadda aka yo oda daga Computer Village da ke Ikeja, ko makamantansu. A nan sunan kwamfuta ba ya isa hujja, domin kamfanoni kan fitar da samfuri ɗaya da allo iri-iri. ThinkPad T470 na kamfanin Lenovo, misali, ya fito da mai TN 1366 x 768, ya kuma fito da mai IPS 1920 x 1080, jikinsu ɗaya, sunansu ɗaya. Ƙari a kan haka, kwamfutar da ta yi shekaru a hannun wani wataƙila an taɓa sauya mata allo da wanda ya samu, kuma fitilar allo tana dushewa da tsufa.

Saboda haka mai saye ya tafi da filashinsa. Ya sa hotuna biyar da kowannensu launi ɗaya ne zalla, fari da baƙi da ja da kore da shuɗi, domin su ke tona mataccen ɗigo, baƙin kuma ya nuna ko haske na yoyo ta gefuna. Ya sa hoton da ke gangarowa a hankali daga baƙi zuwa fari, ya duba ko yana tafiya sumul ko yana yin layi-layi. Ya buɗe saitin allo a Windows ya karanta yawan ɗigon da idonsa. Ya tura murfin baya ya jawo shi gaba. Idan launi ya juye, TN ne, ko me aka ce masa. Manhajar HWiNFO, wadda kyauta ce, tana nuna lambar ƙirar allon, kuma da wannan lamba ana iya binciko faɗin launinsa a waya kafin a tashi daga shagon. Daga ƙarshe ya buɗe hoton wani da ya sani ido da ido, wanda kuma yake riƙe da wankakkensa a aljihu, zai fi kyau a ce baƙin mutum ne sanye da fararen kaya, ya fito da kwamfutar bakin ƙofa inda hasken rana yake, ya ɗora takardar kusa da allon kafin a fara maganar kuɗi.